Google Docs wajen rubuta littafi, ya yi ko bai yi ba?

Marubutan labari da yawa har yanzu a nots na waya suke taifin, wasu ma kai tsaye cikin WhatsApp, ranar da wayar ta faɗa ruwa shikenan babi talatin sun bi ta. Wannan kaɗai ya isa dalilin komawa Google Docs, kana rubutu yana sebin da kanshi, in ka saita fayil ɗin ya buɗu ba data to ko netwok ya ɗauke za ka ci gaba, ya tura in ya dawo.

Amma ni abin da ya riƙe ni shi ne tarihin gyare-gyaren da yake ajiyewa. Babban ciwon mai labari yanka ne wallahi, ka zauna ka zuba shafi biyar na hirar jaruma da ƙawarta, ka san sarai ba abin da ta ƙara ma labarin, in an cire ta ba mai tambaya, amma hannunka ya ƙi gogewa saboda wahalar da ka sha. A nan kuwa goge abinka kawai, tsohon yana nan. Har suna za ka iya sa mishi, misali "kafin in kashe mijin", in bayan sati biyu ka ga kisan bai zauna ba ka koma ka ɗauko shi da ranshi. Tunda na gane haka na daina tausayin rubutuna, babin farko ma da muke cika shi da bayanin dangi da kalar labule sai na ga ashe labarin a shafi na huɗu yake farawa. Sai dai wannan ɓangaren a kwamfuta ya fi daɗin aiki.

Ƙirgen kalmomi ma akwai, a kwamfuta ka danna Ctrl+Shift+C, kuma za ka iya barin shi a gefe kana gani. Ka yanka ma kanka ko 300 ne kullum, ya fi ka jira ranar da ilhama za ta sauko ka yi dubu biyar sannan ka ɓace wata guda.

In ka ba mai dubawa kar ka ba shi damar gyara kai tsaye, ka bar shi a kwamen, duk abin da ya taɓa zai fito maka a matsayin shawara ka karɓa ko ka ƙi. Kuma dan Allah kar ka tura ma kowa kafin ka kai ƙarshe, mutum uku su sa baki a babi na biyu littafin ya zama na kwamiti.

Inda ya gaza fa? Ba don marubutan labari aka gina shi ba, shafi ne dogo kawai. Scrivener, wani af da aka gina don marubuta, yana da allon katuna da kake jan fitowa ka sauya mata wuri, Docs ba ya da wannan, duk da a 2024 sun ƙara shafukan gefe da ake iya raba babi-babi ko a ware ɗaya ma sunaye da shekarun taurari, wanda ya rage zafi. Fayil ɗaya yana ɗaukar haruffa wajen miliyan ɗaya, amma tun kafin nan yakan yi nauyi a ƙaramar waya, gara ka raba littafin gida uku. Sannan tunda a intanet kake, leƙa wani waje ba wuya, ni kashe data nake in zan rubuta sabon babi.

A yi hattara da wurin nemo kalma a musanya ta gaba ɗaya. In za ka mayar da Sani ya koma Musa ka kunna bambance babban baƙi da ƙarami, in ba haka ba jarumarka za ta wayi gari tana cewa "ban Musa ba".

Ga mai rubutu a waya da kwamfuta duka, ina ba shi huɗu cikin biyar. Mai littafi mai taurari ashirin da zamani biyu kuma zai buƙaci littafin takarda a gefe.