Shagon turin da ya ba ni Godzilla na asali

A bayan kasuwar waya ta Farm Centre akwai wani ɗan shagon tura fina-finai, benci ɗaya da kwamfuta biyu. Maƙwabtansa fassarar Indiya suke turawa. Shi kuwa dattijon da ke ciki tsofaffi marasa kala ya tara, ya ce tun yana zuwa silimar Plaza yake son su.

Na miƙa masa memori na ce, "Baba, Godzilla nake so." Ya ɗago kai ya ce, "Wanne, ɗana? Na Japan na 1954, ko wanda Amurkawa suka yayyanka a 1956 suka cusa ɗan wasansu Raymond Burr?" Nan na san na zo inda ya dace. Duka biyun ya tura min, ya ce in fara da na Japan.

Gaskiyarsa. Na zaci dodon roba zan kalla in yi dariya da yara, sai ga asibiti cike da raunanu, likita na kara na'urar auna guba a jikin wani yaro tana ƙara. Mai bada umarni, Ishiro Honda, ya yi fim ɗin shekara tara kacal bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A watan Maris na 1954 ma tokar gwajin bam ɗin Amurka a tsibiran Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu a Satumba. Dodon da gwajin nukiliya ya taso daga teku, masu kallo a Tokiyo sun san ko mene ne. A na Amurka an rage wannan ɗacin sosai, da ka jera su za ka ji.

Abin ya taɓa ni ta wani wajen. Kakana ya sha ba mu labarin fargabar ƙurar hunturu lokacin da Faransa ta fara gwada bam a hamadar Aljeriya a 1960, har Najeriya ta kori jakadan Faransa a farkon 1961. Ashe tsoron yaƙin cacar baka ya iso har ƙofar gidanmu.

Sai dai aikin shagon yana da gyara. Ya haɗa min da Them!, na manyan tururuwan hamadar New Mexico inda aka fara gwada bam a 1945, amma murya ta riga hoto, kuma ya yanke ana tsaka da farautar sarauniyar tururuwan. Na koma ya sake turawa bai karɓi ko sisi ba, sai dai na yi zaman kusan awa ɗaya saboda an ɗauke wuta kuma ba shi da janareta. Rubutun fassarar ma na Turanci ne ƙanana, mai ƙaramar waya zai sha wuya.

Ku je da safe, ku kuma sa ya buɗe muku ƙarshen kowane fim kafin ku tashi. Ni dai ranar Asabar zan koma, ya ce zai nemo min wani na 1953.