Kallon zalɓe a tafkunan kuza na Jos: jagora nagari, tsari mai rauni

A hutun ƙarshen shekara na ɗauki iyalina daga Abuja zuwa Jos, kuma cikin abubuwan da muka biya kuɗi muka yi har da fitar rabin yini ta kallon tsuntsayen ruwa, wadda wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido yake shiryawa. Ra'ayina a kansu ya rabu biyu: jagoran da suka haɗa mu da shi ya cancanci kuɗin har da ƙari, amma tsarin kamfanin ya kusa ɓata tafiyar tun kafin a fara ta.

Mun yi alkawari mota za ta ɗauke mu da an idar da sallar asuba, sai ga shi ba ta iso ba sai bayan ƙarfe 7. Duk wanda ya san hunturun Jos, garin da yake kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ya san abin da ake nufi da tsayuwar fiye da awa guda a ƙofar masauki tare da yara. Ba sanyin ne ya fi damuna ba, domin asarar da aka yi ta lokaci ce: tsuntsayen ruwa sun fi kiwo da sanyin safiya, kuma da rana ta ɗaga masu noman rani suke tayar da injinan ban ruwa domin kabeji da karas da dankalin Turawa, ƙarar kuwa tana korar masu tsoro daga cikinsu. Madubin hangen nesa ma biyu kacal aka kawo wa mutum shida, ɗaya kuma yana nuna abu bibbiyu.

Inda aka kai mu tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ke tsakanin Rayfield da Bukuru. Turawa sun fara haƙar tun farkon shekarun 1900, kuma bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 aka bar ramuka masu yawa suka cika da ruwa. A nan na fara ganin amfanin jagoran. Ya wuce tafkuna biyu manya masu kyan gani bai ko tsaya ba, da na tambaye shi dalili sai ya ce: "Alhaji, waɗannan gaɓarsu a miƙe take, ruwan kuma zurfi gare shi, zalɓe kuwa sai inda ƙafarsa take taɓa ƙasa." Ya kai mu wani ƙarami mai laka da ciyawa da bado, wanda da ni kaɗai ne ba zan ko kalle shi ba. Ya kuma hana yara matsawa bakin ruwa, abin da na yaba, domin waɗannan ramuka ba wurin wasa ba ne.

A can muka tarar da zalɓe guda yana tsaye cikin ruwan da bai kai masa gwiwa ba. Tsayinsa ya kusa mita guda, bayansa ruwan toka, wuyansa fari da ɗige-ɗigen baƙi a gaba, ga wani baƙin zane da ya tashi daga ido ya zarce ƙeya. Mun fi minti 20 muna kallonsa bai motsa ba, har ƙaramar 'yata ta raɗa mini cewa: "Baba, anya ba gunki aka kafa ba?" Jagoran ya ce ta dubi wuyan. Sannu a hankali wuyan ya lanƙwashe, kai ya sunkuya, sannan cikin ƙiftawar ido baki ya faɗa ruwa ya fito da ƙaramar karfasa a gicciye. Bai haɗiye ta nan take ba, sai da ya jujjuya ta har kanta ya fuskanci maƙogwaronsa, domin kada ƙayoyin bayanta su tokare shi. Mun ga kumburin kifin yana gangarawa cikin dogon wuyan nan. Na shekara fiye da 40 ina ganin zalɓe daga tagar mota, amma ban taɓa sanin haka yake cin abinci ba.

Da ya tashi, jagoran ya nuna mana cewa zalɓe da balbela suna naɗe wuya idan suna shawagi, saɓanin shamuwa da gauraka masu miƙe nasu. Shamuwa dai ba mu gan ta ba, kuma bai yi mana alkawarinta ba, tunda baƙuwar damina ce wadda takan yi kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. A madadinta akwai baƙin hunturu, wasu ƙananan tsuntsaye masu siraran ƙafafu da ke tsattsage laka, waɗanda suke ƙetare hamadar Sahara daga Turai wajen watan Satumba da Oktoba, su koma wajen Maris da Afrilu. Mun ga garken kirinjijiya suna fito, da wani jan tsuntsu mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado kamar a kan tabarma, da guza da ya fito shan hantsi a kan dutse.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne takardar tallan kamfanin. Hoton gauraka suka sa a gaba, alhali wannan tsuntsu ya yi ƙaranci ƙwarai a Najeriya, kuma jagoran da kansa ya ce bai taɓa ganin sa a waɗannan tafkuna ba. Sun kuma rubuta cewa za a biya ta dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take tun 2001, amma saboda makarar motarsu ba a je ba, kuma ba wanda ya kira ya ba mu haƙuri, balle a rage wani abu daga kuɗin.

Wanda yake son zuwa ya je da motarsa da madubinsa, ya sa rigar sanyi mai duhun launi da takalmin da ba ya tsoron laka, ya kuma nemi a tabbatar masa da lokacin tashi a rubuce. Yaran da ba su kai shekara 7 ba zai yi wuya su jure shirun da ake bukata. Ni dai na karɓi lambar jagoran, kuma mun shirya zan dawo a watan Fabrairu, lokacin da ruwan ya ƙara janyewa, mu kasance a bakin tafkin kafin a tayar da injin farko.