Cibiyar Fim ko Kwalejin Talabijin: wacce za ka sa a gaba a Jos?

Assalamu alaikum. Shekaranjiya wani ƙanenmu a nan ya kawo tambaya, na ga an yi ta ba shi amsa a gurguje, har wasu suna ce masa ai duk ɗaya ne, ya cike duk wadda ta samu. Ga abin da ya tambaya: ya gama sakandare, takardunsa sun yi kyau, yana shirin yankar fom ɗin JAMB, kuma digiri yake so a harkar shirya fim da talabijin. An gaya masa akwai makarantu biyu a Jos, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ake kira NFI, da Kwalejin Talabijin ta NTA, ya rasa wadda zai sa a gaba. Shi burinsa ya zama darakta, mahaifinsa kuwa so yake ya yi karatun da zai kai shi ga albashi.

Ƙanena, ba ɗaya ba ne. Gari ɗaya suke, duka na gwamnatin tarayya ne, kuma a kowacce za a saba maka kyamara a kafaɗa, amma irin mutumin da kowacce take son fitarwa daban ne. Idan ka san iyayen gidansu, za ka gane dalili. NFI tana ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979 da hedikwatarta a Jos, ita ce hukumar da aka naɗa Ali Nuhu ya shugabanta a watan Janairun 2024. An buɗe cibiyar a 1995, kuma digirinta daga Jami'ar Jos yake fitowa. Ita kuwa kwalejin da ke Rayfield ta girme ta, tun 1980 take, an kafa ta ne da farko don horar da ma'aikatan gidan talabijin na ƙasa, digirinta kuma na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ne. Wato ɗaya 'yar gidan masu shirya fim ce, ɗayar 'yar gidan masu watsa shirye-shirye. Jos ɗin ma tana da tarihi a wannan harka, don a can ne aka fara watsa talabijin mai kala a ƙasar nan, a tsakiyar shekarun 1970.

Bari in kai ka wurin aiki ka gani da idonka, don a can bambancin yake, ba a kan takarda ba.

A lokeshan, ka ɗauka za a ɗauki uwa da ɗanta suna magana a tsakar gida, maganar da ba ta wuce minti biyu ba. Kyamara ɗaya ce. Za a fara ɗaukar su daga nesa su biyu, a ce kot. A matso da kyamara kan fuskar uwar, su maimaita maganar tun daga farko. A juya kan ɗan, su sake maimaitawa. A ɗauki hannunta yana murza bakin zane. Kafin a kai nan rana ta karkata, inuwar bishiyar da ke tsakar gidan ta bar inda take, dole mai haske ya sake gyara. Mai kontinuiti, wato mai lura kada wani abu ya sauya tsakanin ɗauka da ɗauka, yana tsaye da takardarsa yana cewa ɗazu hular ta karkata hagu ne, shayin kuma rabin kofi ne, ba cike ba. Mai sauti ya ɗaga hannu a dakata, babur yana wucewa a bayan katanga. Akwai ma wani layi da darakta yake ja a zuciyarsa tsakanin mutanen biyu, wanda in kyamara ta tsallake shi, a allo sai ka ga kamar gefe ɗaya suke kallo maimakon su fuskanci juna. Wuni guda yana iya tafiya a kan wannan minti biyu, kuma aikin bai ƙare ba sai an zauna gaban kwamfuta an yi editin, an zaɓi inda za a yanke, an bar shirun uwar ya daɗe daƙiƙa biyu don ya shiga zuciyar mai kallo. Wannan haƙurin da wannan idon ake koyarwa a makarantar fim: rubutun labari, bada umarni, ɗaukar hoto, haske, sauti, tsara wurin ɗauka, da editin.

Yanzu shiga ɗakin da ake sarrafa labarai, saura minti ɗaya ƙarfe tara na dare. Allunan kallo jere a bango, kyamara uku a situdiyo duk suna kunne lokaci guda, kowane mai kyamara da na'urar saurare a kunnensa. Darakta yana zaune ba ya taɓa kyamara ko ɗaya, bakinsa ne ke aiki: ta ɗaya ta shirya, a shiga ta ɗaya, a sako rahoton Abuja, saura daƙiƙa goma a dawo situdiyo. Na gefensa yana danna maɓalli yana sauya hoto daidai da maganarsa. A nan babu a sake. In mai gabatarwa ya yi tuntuɓen harshe, ya riga ya isa ɗakunan mutane. In rahoto ya ƙi tashi, cikin ƙiftawar ido za a yanke shawarar abin da zai maye gurbinsa. Agogo ne sarki a wannan ɗakin. Kwalejin talabijin irin wannan mutum take horarwa, wanda zai fita da safe ya ɗauko rahoto, ya rubuta, ya tace, ya miƙa kafin la'asar, gobe ya sake wani.

Ka ga duka biyun sunansu darakta, amma zuciyar da ake bukata daban ce. Ka tambayi kanka wanne daga cikin ɗakunan nan biyu ya sa ka ji ɗoki lokacin da kake karantawa. Ba wasa nake ba, wannan ita ce rabin amsar.

Sunan digirin ma yana da muhimmanci. Na NFI digiri ne a fasahar fim kai-tsaye. Na kwalejin NTA digiri ne a aikin jarida da sadarwa, wato abin da muka saba kira Maskwam, amma da ƙarfinsa a kan talabijin. Saboda haka a can za ka sha darussan rubuta labarai, dokokin aikin jarida da ɗa'arsa, da binciken sadarwa, abubuwan da mai son zama daraktan fim zalla zai iya gani kamar an kauce masa daga hanya. A NFI kuwa za a cika ka da tarihin fim, da kallon fina-finan ƙasashe ana warware su gaɓa-gaɓa. Akwai wata alfarma a nan da nake so ka sani: ma'adanar tsofaffin fina-finan ƙasar nan a hannun hukumar take, a Jos. A can aka gano faifan fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauka ya ɓace, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Berlin a 2018. Ga yaron da Hausa ce harshen da yake son yin fim da shi, zama kusa da irin wannan taska ba ƙaramin abu ba ne.

Wajen neman gurbi kuwa, hanyar kusan ɗaya ce, ba zan daɗe a nan ba. Sai da lambar NIN za ka yi rajistar JAMB. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, a zama bai wuce biyu ba. Darussa huɗu a jarrabawar, Turanci dole, sauran ukun daga ɓangaren adabi da zamantakewa, kuma in kana da Adabin Turanci a takardarka ka riƙe shi da kyau, yana buɗe ƙofofi a wannan fanni. Kada ka bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa maka darussa da ka. Ka sa ya buɗe maka kundin kwasa-kwasan JAMB na shekarar, ka nemo sunan makarantar a cikin masu bada digiri a ƙarƙashin wata jami'a, ka karanta da idonka abin da aka rubuta. Yara da yawa suna cin maki mai kyau su rasa gurbi saboda darasi ɗaya da aka cike ba daidai ba. Bisa tsarin jami'o'inmu, wanda ya shiga ta jarrabawar shekara huɗu zai yi, wanda ya shigo da difloma ko makamanciyarta ta hanyar shiga kai-tsaye kuma yakan fara daga aji biyu. Duka makarantun suna da difloma, don haka in makinka bai kai ba a bana, akwai wannan tsanin.

Inda zan ja kunnenka shi ne nan. Duk makarantar da ka shiga da sunan digiri, ka tabbatar gurbin ya fito a shafinka na JAMB, ka karɓa a can, ka buga takardar. Na san wani yaro da ya yi shekaru a wata makaranta, ba ɗaya daga cikin biyun nan ba, ya gama lafiya, sai da aka zo tafiya bautar ƙasa aka nemi sunansa a jerin JAMB aka rasa. Abokansa suka tafi, shi ya kwashe fiye da shekara yana zarya tsakanin ofisoshi. Mahaifiyarsa da ta sayar da dabbobinta ta biya masa karatu, ita ta fi kowa shiga damuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don abu ne da tambaya ɗaya a ranar farko za ta hana.

Sai maganar Baba, kuma kada ka ɗauke ta da wasa, yana da gaskiyarsa. Digirin aikin jarida ya fi faɗin ƙofa wajen neman aikin albashi: gidajen talabijin da rediyo na gwamnati da masu zaman kansu, sashen yaɗa labarai na ma'aikatu, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin talla. Mai ɗaukar aiki ya san sunan digirin, ba sai ka yi masa bayani ba. Amma ka sani shiga kwalejin NTA ba alkawarin aiki a NTA ba ne. Shi kuwa mai digirin fim, mafi yawan abincinsa daga aiki zuwa aiki yake zuwa, yau ana ɗaukar shiri mai dogon zango, gobe talla, jibi fim ɗin wayar da kai, wani watan kuma shiru. A Kannywood furodusa ba ya tambayar satifiket, cewa zai yi nuna min abin da ka yi. Sai dai masana'antar tana da ƙishin ƙwararru a wuraren da ba a rububi: sauti, haske, rubutun labari, gyaran kala. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, kuma shirye-shirye masu dogon zango suka cika YouTube, mai kallo ya saba da hoto mai kyau, amma sau nawa ka kalli fim hoton tas, maganar kuwa kamar daga cikin rijiya? Wanda ya iya sauti da gaske ba zai zauna ba aiki ba. Ka zauna da Baba ka yi masa wannan bayanin cikin ladabi, ka nuna masa cewa satifiket ɗin na Jami'ar Jos ne, kuma da shi ana neman aikin gwamnati kamar kowane digiri.

Wani abu a gefe, don na san akwai masu karantawa da burinsu daban: in fitowa a fim kake so, ba waɗannan ne wurinka na farko ba. Duka biyun bayan kyamara suka fi ba ƙarfi. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero ko na Zariya ya fi kusa da bukatarka.

Ga ra'ayina, tunda ka ce darakta kake son zama, kuma labari ne ke cin ranka, ka sa NFI a gaba. In da ce min ka yi kana son labarai, ko shirin kai-tsaye, ko kuma gida na jiran albashinka da zarar ka gama, da kwalejin NTA zan nuna maka ba tare da jinkiri ba. Ka dai yi lissafin aljihu tun yanzu, don a ko'ina ake karatun fim, kuɗin makaranta ba shi ne ƙarshe ba. Fim ɗin gwaji yana cin abincin 'yan wasa, kuɗin mota, man janareta, da ma'adanar ajiye hotuna, ga bukatar kwamfutar da za ta iya ɗaukar editin.

Kafin a rufe rajista, in da hali ka shiga mota ka je Jos ka kwana biyu. Ka je kowace makaranta, ka gaida ma'aikata, sannan ka nemi ɗaliban aji uku ka tambaye su sau nawa suka taɓa kyamara a zangon da ya wuce, su nawa ne ke raba guda ɗaya, kuma ka roƙi su nuna maka aikin da suka yi a waya. Kafin nan, ka ɗauki wayarka ka yi fim na minti uku a gidanku, da ƙannenka, ka yi editin ɗinsa da kanka, don ranar tantancewa in an tambaye ka me ka taɓa yi, kana da abin nunawa. In tafiyar ta faɗo a lokacin hunturu, ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safa, sanyin Jos ba irin na Kano ba ne. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri.