x² + 3x da 1/x: inda h ke fita da sauƙi da inda take maƙalewa

Ƙanena na Idi-Araba, na ga tambayarka tun jiya, wai me ya sa in ka yi [f(x+h) − f(x)]/h da x² + 3x komai ke tafiya sumul, amma da ka taɓa 1/x sai h ta maƙale ta ƙi fita. To dokar ɗaya ce, aikin hannun ne ya bambanta.

Matakin farko duk iri ɗaya ne, ko'ina ka ga x ka sa x+h, wato x da ɗan ƙarin h a kanta. Na farkon ya zama (x+h)² + 3(x+h), na biyun 1/(x+h).

Daga nan suke rabuwa. Shi na farkon buɗe baka kawai yake so: x² + 2xh + h² + 3x + 3h, ka debe x² + 3x, saura 2xh + h² + 3h, kowanne da h a jikinsa, ka raba da h ka samu 2x + h + 3. Sai dai ka kula, (x+h)² ba x² + h² ba ne, wallahi yaran da nake yi wa lesin a Agege kusan kullum sai sun haɗiye 2xh ɗin nan.

Shi kuwa 1/x babu abin buɗewa, shi ya sa ka tsaya cak. Dole ka haɗa 1/(x+h) − 1/x su samu ƙasa ɗaya, wato x(x+h), sai sama ta zama x − (x+h), kuma wannan bakan kar ka yar da shi don alamar debewa ta shafi x da h duka, abin da zai rage −h ne ba +h ba. Yanzu h ta fito fili, ka soke ta da h ɗin nan da ake rabawa da ita a dokar, amsa −1/[x(x+h)].

Gwada da x = 2, h = 1. Na farko 18 − 10 = 8, kuma 4 + 1 + 3 ma 8. Na biyu 1/3 − 1/2 = −1/6, daidai da −1/(2×3).

Ma'anar amsar kamar gudun danfo ne, wato bas ɗin haya, daga Agege zuwa Oshodi, nisa a raba da lokaci, har da gosulon Ikeja a ciki. Na biyun ya zo da debewa saboda 1/x raguwa yake in x na ƙaruwa. Kar ka sa h = 0 tun farko dai, rabawa da sifili ke nan, sai bayan ka soke ta za ka matso da ita kusa da sifili ka samu 2x + 3 da −1/x², irin yadda WAEC ke so.