Sharhi kan na'urar taimaka wa ji, bayan wata takwas ina amfani da ita a Legas

Na shafe shekara ashirin da wani abu ina aiki kusa da injin niƙa a Agege, amma ban yarda kunnena ya taɓu ba sai ranar da wani abokin ciniki ya ce talatin ni kuma na ji tamanin, muka yi ta ja-in-ja har maƙwabta suka shiga tsakani. A gida ma maiɗakina takan ce, "Malam, sau uku ke nan ina kiranka." Murya ina jin ta, sai dai sautuka irin su sa da sha da tsa sun ɓace mini, don haka kalmomi suke cakuɗewa.

Na fara da 'yar na'urar nan mai araha da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki ba tare da gwaji ba, kuma kwana huɗu kacal na iya jure mata. Aikinta shi ne ɗaga kowace ƙara daidai wa daida, ta yadda hon ɗin motocin haya na danfo da rurin janareta suke danne muryar wanda ke gabana. Da na kai ta wurin ma'aikacin gwajin ji, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai dabarar da ta haura shekara ɗari ka sayo."

Gaskiya ya faɗa. Kafin zuwan lantarki, wani ƙaho mai kama da mazurari ake karawa a kunne domin ya tattaro sauti. A 1898 wani Ba'amurke, Miller Reese Hutchison, ya ƙera ta farko mai aiki da lantarki bisa dabarar wayar tarho, sannan a shekarun 1920 aka shigo da ƙwan gilashi irin na tsohuwar rediyo, wanda ya ƙara ƙarfin sauti amma na'urar ta kasance akwati mai nauyi. Taransisto, ɗan ƙaramin abin lantarki mai ƙara ƙarfin sauti da aka ƙirƙiro a 1947, shi ya ƙanƙantar da ita, domin zuwa 1952 an fara sa shi a cikinta, har daga baya aka riƙa ɓoye ta a hannun tabarau. Babban sauyin ya zo a 1996, lokacin da masu 'yar kwamfuta a ciki suka shiga kasuwa sosai, waɗanda ake saita su su ɗaga sautukan da kunne ya rasa kawai.

Bayan gwaji an nuna mini iri uku: mai zama a bayan kunne da siririn bututu, da mai cika tafin kunne, da kuma 'yar mitsitsiya mai shigewa cikin rami har ba a ganin ta. Akwai kuma wadda ake dasawa ta hanyar tiyata, amma wannan ta masu tsananin kurumta ce. Zuciyata ta so mitsitsiyar, saboda kunyar a ce Alhaji ya kurumce, sai aka gargaɗe ni cewa gumi da dauɗar kunne sun fi saurin toshe ta, kuma batirinta bai daɗewa. Na zaɓi ta bayan kunne, ban kuwa yi da-na-sani ba.

Makon farko muryata ta riƙa yi mini kamar ina magana cikin randa, daga baya na saba. Yanzu ina bin huɗubar Juma'a daga sahun baya, ina kuma jin jikata idan ta yi magana ƙasa-ƙasa. A tsakiyar kasuwar Mile 12 kam har gobe sai na kalli bakin mai magana, domin hayaniyar wurin ta fi ƙarfinta.

Aibinta na farko tsada, domin kuɗinta ya ninka na waccan ta shago sau da yawa. Na biyu laimar Legas: da damina dole kowane dare in cire batirin in kwantar da ita cikin gwangwanin da ke tsotse danshi, in ba haka ba da safe sautin ya dushe. Batirin mai lamba 13 nake sa mata, yana kai mini kusan kwana goma, kuma ba kowane kantin magani ke da shi ba. Idan hulata ta sauko ta rufe ta, sai ta yi fito. Sau biyu ina mantawa in shafa mata ruwa wajen alwala, shi ya sa yanzu kafin in ɗauki buta nake cire ta in sa a aljihun gaba.