Kayan roba da bandeji masu kashe bakteriya: wanne za ka ɗauka?

In ka ga an rubuta "yana kashe kashi 99.9 na bakteriya" a jikin bandeji ko fentin bango ko katakon yanka na roba, fara da tambaya ɗaya: maganin a manne yake da robar, ko tsatsowa yake yi?

Masu tsatsowa su ne mafi yawa, kuma azurfa ce kan gaba. Ana cakuɗa ta cikin robar, ta riƙa fita kaɗan-kaɗan idan ta samu danshi. Tana aiki, amma ƙarewa take yi, wanki kuma yana gaggauta ƙarewar. Haka aka daɗe ana yi da triclosan, wani sinadarin kashe bakteriya, kafin hukumar FDA ta Amurka ta hana saka shi a sabulun wanke hannu a 2016.

Ɗaya nau'in kuwa polimar, wato doguwar sarƙar sinadarai irin ta roba, ita ce da kanta makamin. Fatar bakteriya cajinta na negatif ne, sai masana suka ƙera dogayen sarƙoƙi masu cajin fozitif. Da sun haɗu sai su manne, sarƙar ta huda fatar, abin da ke cikin ƙwayar ya zube. Wata polima da ake kira PHMB ita ce sananniya a nan: tana cikin wasu bandeji da ruwan wanke madubin ido na liƙawa. Tunda fasa fata take yi, bakteriya ba sa saurin sabawa da ita kamar yadda suke yi da magungunan sha. Sai dai waɗanda aka kafe a saman abu suna da wani rauni da masu talla ba sa faɗa: datti, maiƙo da gawar ƙwayoyin na lulluɓe su, aikin ya tsaya har sai an goge.

Akwai kuma chitosan, daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa. Ya fi ƙarfi a wuri mai ɗan tsami, mai rashin jituwa da abincin teku kuma ya tambayi likita tukuna.

Ka duba gwajin da aka yi. ISO 22196, wato gwajin ƙasa da ƙasa na kashe bakteriya a saman roba, ana yin sa ne na awa 24 cikin danshi mai yawa, a zafin digiri 35. Busasshen marikin ƙofa ba haka yake ba. Ni dai ga miki zan ɗauki bandeji mai PHMB bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Katakon yanka kuwa, na roba zalla da sabulu sun ishe ni.