Hotunan da suka ɓace a filash: PhotoRec ko manhajar kuɗi?

Ɗan'uwa, ka tambaya wace manhaja za ta dawo maka da hotunanka da suka ɓace a filash. Kafin mu zo kan zaɓi tsakanin PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, da waccan manhajar ta kuɗi da ka gani a talla, zare filash ɗin daga kwamfuta tukuna. Kada ka ƙara zuba ko fayil ɗaya a ciki. In kwamfuta ta ce a yi masa fomat, ka ƙi.

Goge hoto a filash ba ya share shi nan take. Tsarin FAT32 ko exFAT da yawancin filash ke zuwa da shi yana da jadawalin sunayen fayiloli da inda kowanne yake zaune. Idan ka goge, jadawalin kawai ake yi wa alama cewa wurin ya zama fili, hoton kuwa yana nan kwance har sai wani sabon abu ya hau kansa. Da ya hau, babu manhajar da za ta dawo da shi, ta kyauta ko ta kuɗi.

PhotoRec za ka ɗauka. Wani Bafaranshe ne, Christophe Grenier, ya rubuta ta, tana zuwa tare da 'yar'uwarta TestDisk, kuma kyauta ce baki ɗaya. Ba ruwanta da jadawalin nan. Bin filash ɗin take yi lungu-lungu tana neman alamar farkon kowane fayil, misali hoton JPEG da FF D8 FF yake farawa. Shi ya sa take aiki ko bayan fomat na gaggawa. Cikakken fomat kam wani zance ne, domin tun daga Windows Vista sifiri yake rubutawa a kan komai.

Ni dai ta taɓa share min hawaye. Ƙanena ya ari filash ɗina mai giga 16, kwamfuta ta tambaye shi fomat, ya danna eh bai ko karanta ba. Hotunan 'yata ne a ciki tun tana tsumma har ta fara tafiya, ba ni da su a ko'ina. Da na buɗe PhotoRec sai da gabana ya faɗi: baƙin allo, rubutu zalla, sai kibiyoyi da Enter. Na zaɓi filash ɗin, na nuna mata folda a kan kwamfuta, na koma gefe ina kallon lambobi suna hawa. Hoton farko da na buɗe, ga ta nan tana rarrafe da cokali a baki. Na daɗe ban taɓa linzamin ba. Kusan duka suka dawo, sai 'yan kaɗan da rabinsu ya zama toka-toka, waɗanda aka ajiye a rarrabe cikin filash ɗin.

Aibinta shi ne sunaye ba sa dawowa. Za ka tarar da foldoji recup_dir.1, recup_dir.2, cike da fayiloli masu harafin f da dogayen lambobi. Amma ranar ɗaukar hoto tana cikin jikin hoton, sai ka jera su da ita. In baƙin allon ya tsorata ka, akwai QPhotoRec a cikin kunshin, mai maɓallan dannawa. Abu ɗaya dai, kada ka ajiye abin da ta ciro a kan filash ɗin da kake ceto.

Ta kuɗin fa? Na taɓa sayen irinta, ba zan kama suna ba. Allonta da kyau, ta nuna min hotuna ƙanana, ta ce sai na biya kafin in ajiye. Na biya, ta ba ni abin da ta kyauta ke bayarwa. In sunayen fayiloli ne damuwarka kuma gogewa kawai aka yi, gwada Recuva ta kyauta a Windows, sau da yawa tana dawo da su da sunansu.

Idan kuwa kwamfuta ba ta ma ganin filash ɗin ko kaɗan, galibi matsalar ta ƙarfe ce, sai masu ciro guntun ma'ajiyar su karanta shi kai tsaye.

Ba ka tambaya ba, amma a ina ka sayi filash ɗin? Akwai 'yan damfara da ke ɗaukar mai giga 8 su sauya masa bayani ya riƙa nuna 128 ko ma tera ɗaya. Kana zuba hotuna yana karɓa, sunaye suna fitowa, alhali da ya cika sai ya riƙa taka na baya ko ya zubar da sababbin. Hotunan da suka salwanta ta haka, ko PhotoRec ba ta da abin yi a kansu. Manhajar H2testw tana tona asirinsa, tana cika filash ɗin da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka ainihin girmansa. Amma tunda rubutu take yi a kai, kada ka kusance ta sai hotunanka sun fito, ka buɗe su ka gani da idonka, ka kuma kwafe su wuri biyu.